Sunan da Ban Rubuta a Gindin Kunkuru Ba

Wata ranar Asabar ce a ƙarshen daminar 1978, hantsi ya ɗaga, ina tsugune a gaban ɗanyen siminti da doguwar ƙusa a hannuna. Shekaruna goma. An yi ruwa da asuba ya ɗauke, ciyawar lambun shan iskar nan da ke kusa da gidan zu ta jiƙa mini bakin zane, sanyin Jos kuwa yana ratsa 'yar suwaitar gwanjon da ke jikina. A saman kaina ga wani ƙaton kunkuru na siminti, ya miƙo wuya kamar zai leƙa abin da zan yi. Babana ya gama shafe gaban dakalin da kunkurun yake kai, ya goge cokalin gininsa a jikin buhu, sannan ya ce, "Uwata, rubuta. Sunansa a sama, nawa a ƙasa, da manyan baƙaƙe yadda ko tsoho zai gani ba sai ya sa tabarau ba." Uwata yake kirana saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Daga nan ya tattara kwanon sarki na ɗaukar kwaɓi da shebur ya nufi famfo wankewa, ya bar ni ni kaɗai. Abin da na yi kafin ya dawo shi ya sa nake wannan rubutu yau, da furfura a kaina.

Sai na fara faɗin ko wane ne kunkurun, don yaran yanzu ba su san shi ba. Dattijo ake kiransa, kuma a gidan zun nan ba dabbar da ta kai shi farin jini. Zaki yana nan, amma barci ne aikinsa, ga wari. Birai kuwa ɓarayi ne, sun taɓa fizge mini sabon ɗankwali ranar Sallah na koma gida ina kuka. Dattijo shi kaɗai ne ba a sa wa ƙarfe tsakaninsa da mutane ba, 'yar katanga ce kawai iya gwiwa. Mai kula da shi yakan ɗora ƙananan yara a bayansa, shi kuwa ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya yi tunani, ya ajiye, sannan ya ɗaga ɗaya. Mu yara muna tafi muna rera masa, "Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba." Matan da ke sayar da kayan lambu sukan kawo masa ragowar kabeji da latas. Ranar Sallah mu ne a kansa da lalle a hannu da rake a baki, ranar Kirsimeti kuma maƙwabtanmu ne, mu ma mu bi su, domin a Jos ta lokacin bikin kowa na kowa ne. Tsofaffi suna cewa tun kafin a fara haƙar kuza yake duniya. Ba wanda ya tabbatar, ba wanda ya musa. Mu dai mun ɗauka irinsa ba ya mutuwa, sai ga shi a tsakiyar sanyin shekarar nan an wayi gari ya shige ƙoƙonsa bai sake fitowa ba.

Babana birkila ne, Sule Birkila ake ce masa a unguwarmu Gangare. Kakana haƙar kuza ce ta kawo shi Jos, shi kuma Baba ya taso yana ɗaukar kwaɓi har ya zama gwani. Gidaje da yawa a Rayfield hannunsa ne, amma ko yaushe a ƙarƙashin ɗan kwangila yake, sunan wani ne a kan allon da ake kafawa a bakin aiki. Magina kuwa suna da al'ada: idan an gama aiki, kafin simintin ƙarshe ya bushe, a bakin rijiya ne ko a dokin ƙofa, maigidan aikin yakan sa ƙusa ya rubuta sunansa da shekara. Baba bai taɓa samun wannan ba. Iyakacinsa ya danna babban yatsansa a wata kusurwa inda ba mai gani. Karatun allo ya yi, yana karanta Alƙur'ani da ajami, amma boko a wurinsa tafiyar kaza ce a kan yashi. Mutum ne marar yawan magana, hannuwansa sun yi kanta sun tsattsage don cin siminti, kullum da yamma Inna tana ba shi man kaɗe ya shafa. Duk abin da zai auna da taƙi yake aunawa, kuma ban taɓa ganin awonsa ya saɓa da na tef ba.

Bayan mutuwar Dattijo sai wasu mutanen gari suka haɗa kai suka ce a yi masa abin tunawa. Wanda ya shige gaba wani ma'aikaci ne Bayarabe, mu dai Oga muke jin Baba yana kiransa. Baba ya taɓa yi masa ado a gaban gidansa, tsuntsaye da furanni na siminti, don haka ya zo har lungunmu da mota, yara suka yanyame ta. Ina laɓe a zaure na ji yana cewa da irin Hausarsa, "Malam Sule, wannan aiki naka ne, ba ɗan kwangila. Kai kaɗai." Ranar Baba bai iya cin tuwo ba. Kwana uku yana zuwa gidan zu, inda aka ajiye ƙoƙon Dattijo, yana aunawa da taƙi da zare, yana ƙirga zanen bayansa ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ɗebo laka a bakin tsohon ramin kuza, ya zauna a tsakar gida ya gina ɗan ƙarami na gwaji, wanda bai wuce girman ƙwaryar fura ba. Da ya gama, har ɗan karkata wuyan nan da Dattijo yake yi idan ya hango kabeji ya fito. Ni da nake gina 'yar tsana da laka hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, sai na ji duk duniya ba mai uba irin nawa.

Ni ce na jawo maganar da bakina da ƙafata. Washegari da aka aike ni ɗiban ruwa, na ɓoye ɗan kunkurun a cikin bokiti na kai shi famfon unguwa don in yi wa ƙawayena burga. A layin famfo kuwa ba abin da ba a tattaunawa, daga tsadar gishiri har auren da bai ƙullu ba. Yara suka taru suna shafawa, sai wata tsohuwa ta leƙo, ta ja da baya tana salati. Ta ce, "Gunki ke nan Sule ya fara yi? To ranar Lahira za a ce ya busa masa rai, mu ga yadda zai yi." Wata ta ƙara da cewa mala'iku ba sa shiga gidan da ke da irin wannan. Kafin in cika bokitina, magana ta riga ni isa gida. Baba bai yi mini faɗa ba. Ya je ya sami limamin unguwa, suka daɗe a zaure, ya dawo ya ce wa Inna malam bai yaba ba, bai kuma tsine ba. "Ni ba abin bauta zan yi ba," in ji shi, "abin da yara za su hau ne su tuna." Ya mayar da ɗan kunkurun laka wurin aiki, bai sake kwana a gidanmu ba.

Shi ya gama da maganar, ni kuwa a lokacin ta fara da ni. Akwai wata yarinya Asabe, ajinmu ɗaya a firamare, layinmu ɗaya a makarantar allo, bakinta ya fi reza. Ita ta raɗa mini suna 'Yar Mai Gunki. Idan muna carafke sai ta ce kada in taɓa duwatsunta. Idan an yi da'irar gaɗa da yamma aka zo kaina, sai ta sauya waƙa ta saka sunan, sauran su amsa suna dariya. Har gyaɗar da nake kaiwa makaranta a ƙullin leda ta ce a daina ci. Na daina fita gaɗa, na koma zama kusa da Inna ina tsince shinkafa, tana tambayata ko ba ni da lafiya. Ga kuma tsoro. Maganar tsohuwar nan ta zauna mini a ƙirji, ina ta hango Baba a filin ƙiyama, gaban kowa da kowa, yana durƙushe yana hura wa kunkurun siminti iska a hanci, kunkuru ya ƙi motsi.

Duk da haka kullum Asabar ni ke kai masa abinci a wurin aiki, kuma ba zan ɓoye ba, ina son zuwa. Ya sayo katako a kasuwar Katako ya yi rumfa don ruwa, ya lanƙwasa rodi ya yi ƙashi, ya naɗe da waya, sannan ya riƙa ɗora kwaɓi kaɗan-kaɗan yana rufewa da jiƙaƙƙen buhu. Zanen baya da bakin cokali ya fitar da shi, ƙafafu kuwa da tsinken tsintsiya ya yi musu tamoji. Masu wucewa sukan tsaya, Birom da Ibo da Yarbawa da namu, wani ya ce, "Kai, Dattijo ya dawo!" Baba ya yi kamar bai ji ba, amma ina ganin gefen bakinsa. A nan ya gaya mini ni zan rubuta sunan. Na ce ya rubuta da ajami mana. Ya ce a'a, Jos garin kowa ne, yana so kowa ya karanta, kuma me ya sa ya kai ni boko in ba don rana irin wannan ba? A makon ne kuma malaminmu ya sanar cewa idan an buɗe wurin zai kai ajinmu gaba ɗaya mu gani. Ajinmu, har da Asabe.

To ga ni tsugune da ƙusa. Layin farko bai ba ni wuya ba, na rubuta DATTIJO, baƙaƙen suka fito raɗau. Na sauko layi na biyu, na ɗora bakin ƙusa inda harafin farko na sunan Baba zai zauna, sai hannuna ya tsaya. Na ji muryar Asabe tana karantawa da ƙarfi a gaban 'yan aji. Sai wata dabara ta zo mini, irin ta yaro: ai idan ba sunansa a jiki, ko mala'iku sun zo ba za su san wanda ya yi ba, ke nan taimakonsa zan yi. Shekaru da yawa ina riƙe da wannan hujja ina lallashin kaina da ita. Amma yau da na tsufa zan faɗi gaskiya, ba tsoron mala'iku na ji ba, tsoron Asabe na ji. Sunan Baba kalma biyu ne, don haka na nemi wata kalma biyu na cike gurbin. Na rubuta KUNKURUN JOS, na sa shekara a gefe. A ƙasa kuwa fili ya rage fetal, sumul, ba ko ɗigo.

Baba ya dawo hannunsa yana ɗigar ruwa, ya tsuguna kusa da ni, ya daɗe yana kallo. Ya nuna layi na biyu da yatsa, bai taɓa ba don kada ya ɓata, ya ce, "Wannan ne nawa?" Na ce, "E, Baba." Ya ce, "Ashe haka nake a boko." Ya yi dariya, irin wadda ban cika ji daga bakinsa ba, ya dafa kaina da jiƙaƙƙen hannu. A hanyar gida ya saya mini tsire, ni kaɗai, ban da ƙannena. Na ci, amma kamar ina tauna tsumma. Oga ya zo da yamma ya karanta ya ce ya yi kyau, don shi bai san abin da Baba ya ce a rubuta ba. Ajinmu ma sun zo, aka hau kunkuru aka sauka, Asabe ta fi kowa daɗewa a bayansa tana ihu, ko kallon rubutun ba ta yi ba. Kafin wata ya ƙare ta manta da sunan da ta raɗa mini, ta koma kan wata yarinya mai tsamin baki.

Baba kuwa sai ya sami wurin zuwa. Duk Juma'a bayan an sauko masallaci sai ya ja wani, yau leburansa, gobe abokin hirarsa na teburin mai shayi, duk irinsa waɗanda ba su yi boko ba. Ya kai su gaban dakali, ya nuna layi na biyu, ya ce, "Ga ni nan. Uwata ce ta rubuta." Su kuma su gyaɗa kai su ce Allah ya yi mata albarka. Duk albarkar da aka sa mini sai in ji ta kamar an ɗora mini dutse. Sau nawa na buɗe baki zan faɗa masa, muna zaune yana shafa man kaɗe, sai in ce bari sai gobe.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Da Babbar Sallah ƙanensa, Kawu Ɗanladi, ya zo daga ƙauye, Baba ya sa babbar rigarsa ya ce mu raka shi ya ga aiki. Lambun ya cika maƙil, yara suna layi don hawa kunkuru, mai hoto yana ta ɗauka. Baba ya kutsa da Kawu har gaba, ya nuna, ya ce ga sunansa. Kawu mutum ne mai son tabbatarwa, sai ya kamo hannun wani ɗan makarantar sakandare da ke tsaye, ya ce, "Samari, karanta mana mu ji da kunnenmu." Yaron ya karanta, "Dattijo. Kunkurun Jos." Ya faɗi shekarar. Kawu ya ce, "Sai kuma me?" Ya ce, "Shi ke nan, Baba." Kawu ya ce ya dai duba da kyau, ba Sule a ciki? Yaron ya sake dubawa, ya girgiza kai, ya tafi abinsa. Ina tsaye a bayansu, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Baba bai waiwayo ba. Ya daɗe yana kallon layin nan da ya yi wata biyu yana nuna wa mutane, sannan ya gyara hularsa ya ce wa Kawu su je ya nuna masa zaki.

Na jira duka, na jira faɗa, ba ko ɗaya. Da ya dake ni da na huta. Sai da Kawu ya koma, wata safiya ina shara a tsakar gida, Baba yana ɗaura kayan aikinsa a bayan keke, ya ce ba tare da ya dube ni ba, "Uwata, wuri ne bai isa ba, ko? Dakalin ne na yi shi ƙarami. Laifina ne." Mutumin da yake auna gini da taƙi bai taɓa kuskure ba, shi ne yake ce mini wuri bai isa ba. Ya san sarai abin da ya rage a ƙasan rubutun nan. Ƙofa ya buɗe mini, ko in shigo in faɗi gaskiya, ko in bi ta in gudu. Na sunkuyar da kai ina kallon tsintsiya, na ce, "E, Baba, bai isa ba." Ya ce, "To, ba komai." Ya tura kekensa ya fita.

Bai sake kai kowa lambun ba, ko da yake na ji an ce wani lokaci yakan bi ta can shi kaɗai, ya duba ko wani wuri ya tsage ya liƙe. Da ya so, cokali ɗaya na siminti ya isa ya sa wani ya rubuta masa sunan. Bai yi ba. Sai da na girma na gane cewa ni yake jira in ce masa, Baba, zo mu koma. Ya ci gaba da kirana Uwata, ya ci gaba da kai ni makaranta a kan keke idan ana ruwa, har na zama malamar makaranta, ina koya wa 'ya'yan wasu rubuta sunayen iyayensu. Irin wannan aiki bai sake zuwa masa ba, ya koma ƙarƙashin 'yan kwangila yana danna yatsa a kusurwa. Ya rasu ina goyon ɗana na fari, ina ta shirin in yi masa maganar idan na zo wankan gida. Da na sani ƙeya ce, a baya take.

Bara na koma lambun da jikata. Jos ɗin da na sani ta sauya, unguwanni sun rabu, mutane suna duba inda za su bi kafin su bi, ba a cika ganin yaran Sallah da na Kirsimeti a layi ɗaya ba. Lambun ya tsuke, shaguna sun ci gefensa. Amma kunkurun yana nan. An shafa masa koren fenti wanda bai dace da shi ba, bakinsa ya ɗan guntule, bayansa ya yi santsi don hawan yara, sai dai ko tsaga ɗaya babu a jikin dakalin. Jikata ta haye, ta tambaye ni wa ya yi shi. Kafin in buɗe baki wani mai sayar da lemo a gefe ya ce, "Ai aikin Turawa ne, Hajiya. Namu ba sa irin wannan." Na ce masa a'a, wani birkila ne daga Gangare, sunansa Sule, ni 'yarsa ce. Ya dube ni, ya dubi rubutun, ya ce, "To ai ba a sa ba."

Na tsuguna da ƙyar, gwiwoyina suna ƙara, a daidai inda na tsuguna ina 'yar shekara goma. Rubutuna yana nan, baƙaƙen yarinya masu karkata. Na buɗe hannuna na auna filin da ke ƙasa yadda yake aunawa. Taƙi ɗaya, da ragowar yatsu uku.

Wuri ya isa, Baba.